Izu Sittin da Ciwon Allon Kafaɗa

Ina da shekara ashirin da huɗu na zauna rubuta Alƙur'anina na farko da ka, a zauren gidanmu na Fagge. Lokacin Bature bai tafi ba tukuna, amma ana ta maganar tafiyarsa a kowace majalisa, wato tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin ke nan. Mu asalinmu Barebari ne. Kakana ne ya taso daga Barno da gafakarsa da alƙalumansa, ya sauka Fagge da niyyar kwana bakwai, ga mu nan har yau ba mu tashi ba. A gidanmu ba a cewa mutum ya yi karatu sai ya rubuta izu sittin da hannunsa ba tare da ya leƙa littafi ba, sannan wani gwani ya bi shafi shafi ya duba. Kakana shi ya duba wa Baba nasa. Ni kuma ban taɓa kawo wa raina cewa wani zai duba mini nawa ba in ba Baba ba.

Sai ga shi idon Baba ya fara yana. Bai faɗa wa kowa ba, mu ma ba mu nuna mun gane ba. Amma mun ga takarda tana ƙara matsowa kusa da hancinsa, mun kuma ga sai baƙo ya yi magana sannan yake amsa masa da sunansa. Wata rana da safe Inna ta tsayar da ni a ƙofar madafa, ta ce, "In kana so idon mahaifinka ya ga rubutunka, to ka hanzarta." Iyakar abin da ta faɗa ke nan ta koma ga tukunyarta. Ni kuwa dama mutum ne mai gaggawa da taurin kai, sai maganar ta zame mini izini.

Ga yadda ake rubutu a zauren nan tun zamanin kakana. Mutum ya tanƙwashe ƙafa a kan buzu, ya ɗora siririn allon katako a cinya, takarda a kai, kwalaben tawada a dama: baƙa ta harufa, ja ta wasula, ruwan ɗorawa ta hamza. Baba gajere ne, dunƙulalle. In ya zauna haka, takardar tana nan daf da ƙirjinsa, kansa kawai zai ɗan sunkuyar. Ni kuwa dangin Inna na ɗauko, dogo zanƙalele, har yara a unguwa suna tambayata labarin abin da ke bayan katanga. Amma tunda haka Baba ke zama, haka na zauna. Sai in naɗe kaina a kan allon nan, wuya a ƙasa, kafaɗar dama a gaba, tun hantsi har azahar, in koma bayan salla har la'asar. Ba na jingina da bango, don ɗa ba ya jingina a gaban ubansa. Ba na miƙa, don rashin ladabi ne. Ruwa ma na daina sha da safe, saboda alwala ɗaya nake so ta kai ni azahar kada tashi ya ci mini lokaci. Shafi huɗu nake kammalawa a rana, baƙi da ja da ɗorawa, in miƙa wa Baba ya duba yana zaune a wurinsa. A raina ina jin babu wani jarumi kamata a Fagge.

Wajen izu na goma sha biyar ciwon ya shigo. Wuri ɗaya ne tak, tsakanin allon kafaɗata ta dama da gadon baya, inda hannuna ba ya kaiwa sosai. Da farko gajiya ce kawai wadda salla ke warwarewa. Daga baya ya koma kamar an kafa mini ƙusa ana murzawa a hankali. In na ja dogon numfashi sai ya soke ni. In aka yi sallama daga dama, sai in juyo da jikina duka, don wuyan ya ƙi. Har ta kai ɗaga hannu wajen kabbara sai na cije.

Mai ɗakina ce kawai ta sani. Kullum bayan asuba takan dafa ruwa ta gasa mini wurin da tsumma, ta bi da man shanu tana dannawa da babban yatsa. Ta ce, "Malam, bayan nan naka ya yi tauri kamar ƙirgi. Bari in faɗa wa Inna." Na hana ta da babbar murya. Na san in Inna ta ji, Baba ya ji, in kuwa Baba ya ji zai ce in ajiye alƙalami wata guda in huta. Wata guda daga cikin abin da ya rage na idonsa ba abin da zan iya bayarwa ba ne.

Na je wurin wanzami a ɓoye ya kafa mini ƙaho uku, ya nuna mini baƙin jinin da ya fito yana girgiza kai. Na samu kwana biyu sakayau, a na uku ƙusar ta dawo wurinta. Na rubuta wa kaina rubutu na wanke na sha. Abin kunya ma, har na fara zargin wani tsohon abokin karatuna da cewa shi ya sa mini baki, na daina amsa gaisuwarsa da kyau, bawan Allah bai san ma ina ciwo ba. Kowa na tuhuma, ban da zaman da nake yi.

Ana nan takarda ta ƙare. Irin mai kauri da muke saye a Kantin Kwari ta yanke, aka ce in duba Sabon Gari wurin wani tsoho Bayarabe da ya yi aikin akawu a ofishin jirgin ƙasa, ya bari ya buɗe ɗan kanti na takardu da tawada. Na same shi zaune a kan benci da tabarau a goshi. Ya nuna mini ɗaurin takardar a kan kanta can sama, ya ce tunda Allah Ya ba ni tsawo in ɗauko da kaina. Ina miƙa hannun dama abin ya kama ni. Ban san lokacin da na tsuguna a ƙasa ba, numfashi ya gagara.

Bai ruɗe ba. Ya zagayo bayana, ya sa yatsa daidai wurin kamar shi ya ajiye ciwon, ya ce, "Nan ne ko, Malam?" Na ɗaga kai. Ya ce, "Shekara talatin ina kofen takardu. Ni da wannan ciwo mun san juna. Zauna ka nuna mini yadda kake rubutu."

Na zauna a daɓen kantinsa na nuna masa. Ya sauko da tabaraunsa ya dube ni, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Wa ya koya maka wannan zama?"

Na ce, "Mahaifina."

Ya ce, "Tsawonku ɗaya da shi?"

Gaskiya raina ya ɓaci. Mutumin da ranar Lahadi coci yake zuwa, wanda bai san alif ba balle ba, shi ne zai gyara mini zaman da gwanaye suka gada? Amma ciwon bai bar ni na tashi na yi fushin da kyau ba, dole na zauna na ji. Ya ce in ɗaga takardar ta zo kusa da ƙirjina in daina bin ta ƙasa. Ya ce duk shafin da na gama in miƙe tsaye, in ɗaga hannuwa biyu sama, in ɗan taka. Sannan ya shiga ciki ya fito da ƙodagon goruba a naɗe cikin tsumma, ya tsayar da ni jikin bango, ya sa shi tsakanin bangon da wurin ciwon, ya ce in jingina ina murzawa a hankali ina numfashi. Hawaye sai da suka fito mini don zafi, amma da na matsa daga bangon na ji kafaɗar ta sauka. Ya ce in tafi da ƙodagon, yana da wani.

Daga cikin abin da ya faɗa, ƙodagon kawai na ɗauka, don shi ake iya yi a ɗaka ba wanda ya gani. Sauran kuwa, ta ina zan fara? In shiga zauren kakana in ce zaman Baba bai yi mini ba? In riƙa tashi ina miƙa a gabansa kamar wanda ya farka daga barci? Ga kuma lokaci. Don haka na ci gaba da duƙawa da rana, in murza goruba da yamma. Abin da goruba ta kwance, washegari kafin azahar na sake ɗaure shi.

Ranar da na shiga izu na ashirin da biyu, na miƙa wa Baba shafin farko. Ya kai shi kusa da fuskarsa, ya daɗe fiye da yadda ya saba. Mu biyu ne kawai a zauren. Bai sauke takardar ba ya ce, "Tun yaushe bayanka ke ciwo?"

Na ce, "Lafiyata ƙalau, Baba."

Ya ce, "Ba bakinka na tambaya ba, hannunka ya riga ya faɗa mini. Da wutsiyar harufanka sai ta sauka ƙasan layi ta zagayo. Yanzu kana yanke ta tun ba ta je ko'ina ba. Mai tsoron miƙa hannu ne ke rubutu haka."

Babu sauran ɓoyo. Na faɗa masa duka, har da ƙaho, har da tsohon Sabon Gari da tambayar da ya yi mini. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai na ji ya ce, "Bayaraben nan ya fi ka hankali. Ya fi ni ma. Wata nawa kana duƙe a gabana ina cewa ladabi ne." Ya nuna kusurwar zaure inda akwatin littattafan kakana yake, wanda ba a taɓa motsa shi ba tun ina yaro. Ya ce in jawo shi. Na jawo, na zauna a bayansa, na ɗora allon a kai. Takarda ta zo mini daidai ƙirji kamar an auna. Ya ce, "Matsa baya ka jingina."

Na ce, "Baba, a gabanka?"

Ya ce, "Jingina. Ai ba ganinka nake yi sosai ba."

Wannan shi ne karo na farko da ya ambaci idonsa da bakinsa. Sannan ya ci gaba: "Zauren nan ya yi mini duhu. Daga yau duk shafin da ka gama, ka tashi ka kama hannuna mu je bakin ƙofa, ka ɗaga mini shi sama inda haske zai buge shi. A nan zan riƙa dubawa." Na san Baba. Mutum ne da ko sanda ya ƙi riƙewa don kada a ce ya tsufa. Ga shi yau yana cewa a ja shi da hannu zuwa bakin titi, inda duk mai wucewa zai gani. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina.

Haka muka koma yi. In gama shafi, in bar tawada ta sha iska, in tashi in ɗaga shi, don gwiwoyinsa ma sun fara ba shi wahala. Mu taka a hankali zuwa ƙofa. In riƙe takardar da hannu biyu, ya ce, "Ɗaga sama." In ɗaga. Ya ce, "Ƙara." Sai hannuwana sun miƙe sarai sannan ya ɗaga kai ya fara bi layi layi, leɓunansa suna motsi. Masu tallan goro da 'yan kura su wuce su gaishe shi, ya amsa bai kawar da ido ba. In ya gama sai ya ce in shiga gida in sha ruwa in sake alwala, shi ba ya son a rubuta masa Alƙur'ani da tsohuwar alwala. Bayan la'asar kuma ya kore ni daga gidan gaba ɗaya, ya ce in je in miƙe ƙafa. Lokacin ne amininsa ke zuwa hira, wani gwani Bafulatani daga cikin birni, wanda tun daga bakin ƙofa yake fara kiran, "Ina bawana Babarbare?" Baba ya amsa masa da abin da ya fi haka. Ni kuma sau da yawa Sabon Gari nake nufa, in zauna a bencin tsohon nan. Na kai masa kwandon goruba sau ɗaya, ya ce ƙodago guda ya ba ni, ga shi na mayar masa da gona guda.

Ciwon bai tafi rana ɗaya ba. Amma kafin damina ta tsaya ƙusar ta koma ɗan nauyi, daga baya nauyin ma sai na yi ganganci yake leƙowa. Na koma juya wuya kamar kowa. Mai ɗakina ta ce man shanunta ya huta, yanzu miya za ta riƙa gani da shi. Wutsiyar harufana ta dawo.

Sai dai aikin ya ja baya. Daga shafi huɗu na koma uku, wata rana biyu. Kullum ina lissafin izun da suka rage ina duban farin da ke ƙaruwa a idon Baba, hankalina yana tashi. Wata rana na roƙe shi ya bari in tara shafukan yini mu duba su gaba ɗaya da yamma. Ya ce, "Idona ba ya ɗaukar shafi biyu a jere." Na koma na zauna ina gunaguni a ciki. Can wajen ƙarshe na lura ya daina yi mini gyara a bakin ƙofa. Sai washegari da safe ya ce, "Shafin jiya na biyu, layi na shida, ka bar wasali." In duba in tarar haka ne. Na riƙa mamakin ƙwaƙwalwar tsohon nan da ke kwana da shafi a kai.

Na rubuta surar ƙarshe wata Laraba da hantsi, bayan shekara guda da 'yan watanni da farawa. Na kama hannunsa muka je ƙofa, na ɗaga. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Sauke hannunka." Farin cikin da na yi ranar ban san da me zan kwatanta shi ba. Na riga yanar nan, idon Baba ya ga izu sittin ɗina.

Ranar Juma'a aka yi 'yar walima, aka yanka akuya, malaman unguwa suka cika zaure aka yi addu'a. Ana cikin cin abinci gwani Bafulatani ya ɗaga wani ƙashi ya nuna wa jama'a, ya ce, "Ku dubi halin Barebari. Izu bakwai na ƙarshe idon Bafulatani ne ya bi su harafi harafi kullum bayan la'asar, amma ku ga abin da aka zuba mini." Mutane suka yi dariya. Baba bai yi ba. Gwanin ya dube shi, ya dube ni, sai ya ajiye ƙashin a hankali, ya gane ban sani ba.

Ban iya ƙarasa lomar da ke hannuna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar an ƙwace mini abin da na riga na sa a aljihu. Na daure har baƙi suka watse. Washegari da safe na same shi a zaure a kan buzunsa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Tun da ka gama na hamsin da uku. Daga nan hasken ƙofa kawai nake gani, da inuwarka tsaye a cikinsa."

Na ce, "To me ya sa ba ka faɗa mini ba? Kusan wata biyu ina ɗaga ka da ciwon gwiwa sau uku a rana, kana tsaye kana cewa in ƙara ɗagawa, alhali ba ka ganin komai."

Ya ce, "Ni na haife ka, na san halinka. Da ka ji idon ya tafi, ko dai ka jefar da alƙalami don baƙin ciki, ko ka duƙa ka ƙare shi cikin mako biyu da fushi, ka koma inda ka fito. Rubutu kowane gwani zai iya duba maka. Bayanka fa, in ban duba ba wa zai duba?"

Na kifa kaina a gwiwarsa na yi kuka, ni da gemuna, shi kuma ya ɗora hannu a kafaɗata ya bar ni na yi har na gaji.

Bayan wannan na rubuta Alƙur'ani da yawa, har idona ni ma ya fara gajiya, kuma bayana bai sake kayar da ni ba. Ina yi wa tsohon Sabon Gari fatan alheri duk lokacin da na tuna shi, ina yi wa gwani Bafulatani addu'a, da mai ɗakina da ta riƙe mini asiri tana ƙona yatsunta a ruwan zafi. Na farkon nan kuwa ban sayar ba, ban bayar ba, yana nan cikin gafakarsa. Na yi shekaru ina jin zafin izu bakwai ɗin da Baba bai gani ba, har ba na son buɗe wajen. Yanzu da na kai shekarunsa, na san abin da tashi daga buzu sau uku a rana yake ci wa tsoho, su ne na fi karantawa.